Karen Baba a hantsi

Umma ba ta taɓa son karen nan ba. Baba ne ya kawo shi gidanmu na Iku yana ɗan kwikwiyo, bayan ɓarayi sun kwashe mana kaji. Ba ta ko yarda a raɗa masa suna ba. "Wancan abin na Malam," haka take cewa. In ya shinshina bokiti sai ta wanke bokitin kamar za ta cire masa fata, tana mita har maƙwabta su ji.

Baba kuwa ko a jikinsa. Kullum bayan la'asar yake dawowa daga shagonsa na Madalla da leda a hannun babur: kan kifi, guntun hanta daga wajen mahauta, wani lokacin fasasshen ƙwai. Baburan da ke wuce layinmu ba su ƙirguwa, amma karen ya san kukan na Baba tun daga kwanar masallaci.

Da Baba ya rasu, karen bai daina jira ba. Duk babur da ya doso da yamma sai ya ɗaga kai, ya saurara, ya mayar da haɓarsa ƙasa. Umma ta gama takaba amma ta ƙi barin ɗaki. Ni ina fita aiki Abuja da sassafe, in dawo a gajiye, in tarar da labulenta yadda na bar shi. Abu ɗaya ke fito da ita: ta kankare ƙanzo da sauran tuwo, ta zuba wa karen, ta koma. Ta taɓa ce mini, "Shi kaɗai ne a gidan nan bai yarda Malam ya tafi ba." Na ji haushin maganar, don ni ma ubana ne. Amma na gane cewa muddin karen yana jira a bakin ƙofa, Umma tana da abokin jira.

Damina ta kama, sai wani ƙullutu ya fito masa a wuya, ya fara ramewa. Na kira likitan dabbobin da ke duba mana kaji. Ya ɗebi jini, ya tsaga ɗan nama ya aika Abuja. Ranar da ya kawo sakamakon, Umma ta tsaya a bakin ƙofarta tana saurare.

"Hajiya, sai haƙuri," in ji shi. "Kansa ce, ciwon daji. Kuma ta yi nisa. Bitamin D ɗinsa ma ya yi ƙasa sosai. Ana yawan ganin haka a karnuka masu wannan ciwon."

Umma ta yi aikin unguwar zoma a asibiti har ta yi ritaya. Jin bitamin D ke da wuya, fuskarta ta sake. Rabin rayuwarta ta yi tana gaya wa masu jego su fitar da jarirai su sha hantsi. "To ai wannan mai sauƙi ne," ta ce. "Rana yake buƙata. Kullum yana ƙarƙashin rumfar kwanon can, ina zai samu?"

Na raka likitan waje.

"Anti, kare ba kamar mutum ba ne," ya ce. "Fatarsa ba ta yi masa bitamin D daga rana yadda tamu ke yi. Daga abinci yake samu, kifi, hanta, gwaiduwar ƙwai. Me yake ci?"

Na gaya masa. Na ga ya sunkuyar da kai.

"Kar ki sa wa ranki komai," ya ce. "Har yanzu ba a tabbatar ko ƙarancin ne ke jawo ciwon, ko ciwon ne ke rage shi ba. Kuma don Allah kar a ba shi ƙwayar bitamin ta mutane, in ta yi yawa guba ce gare shi."

Na daɗe a tsaye a ƙofar gida. In na ce wa Umma rana ba ta yi, za ta tambayi me ke yi. In na ce abinci, za ta tuna ledar Baba, ta tuna ƙanzon da take zubawa da hannunta. Na san halinta, ba za ta ji sauran bayanin likita ba. Na shiga gida na ja bakina na yi shiru. Na fara biyawa ta kasuwa ina sayo kan kifi da hanta, na ce mata don ya samu ƙarfi ne.

Washegarin zuwan likita Umma ta fito. Matar da ba ta bari karen ya gifta tabarmar sallarta ta kama bakin buhun da yake kwance a kai, ta ja shi har tsakar gida. Ta ɗauko kujerarta 'yar tsuguno ta zauna gefensa da carbi. In inuwar mangwaro ta matso sai ta ƙara jan buhun. In hadari ya rufe, ta dinga leƙa sama tana tsaki kamar da gangan aka yi mata. Ranakun da ba ni da aiki nakan ji tana yi masa faɗa: "Sha ranarka mana, kai ma da taurin kai irin na mai gidanka." Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, yau ke ce da jinyar kare?" Umma ta ce, "Amana ce." A kwanakin nan na ga ta fara cin abinci a waje, har ta sake tsinke zogale.

Karen dai kullum ƙara ƙarewa yake. Kifin da na sayo sai ya lasa ya kau da kai. Tashi ya gagare shi, amma in babur ya doso da yamma kunnensa yakan motsa. Ran nan na dawo na tarar Umma ta ɗora tafin hannunta a kansa, tana shafawa a hankali. Ban taɓa ganin ta taɓa shi ba sai ranar. Na wuce ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Da hantsi ya mutu, a kan buhun, rana tana dukan bayansa. Muka sa aka binne shi a bayan gida.

Da yamma muna zaune a tsakar gida, ta ce, "Ke, gaya mini gaskiya. Na makara ne? Da na fara fitar da shi tun farko, da ya tashi?"

"A'a, Umma," na ce. "Likita ya ce ba abin da za a iya yi. Ba laifin kowa ba ne."

Ta gyaɗa kai. Sai ga wani babur ya shigo layin, ya rage gudu wajen ramin ƙofarmu kamar yadda Baba yake yi, ya wuce. Umma ta ɗaga kai ta bi ƙararsa har ta ɓace. Ta dubi gurbin buhun, ta dube ni.

"Yanzu ni kaɗai ke ɗaga kai," ta ce.