Rogon da na girbe kamar gero

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a matsayin ma'aikacin ofis mai biro biyu a aljihun gaba, mahaifiyata ta kira ni ta ba ni wa'adi a kan gonar mahaifinmu. Gonar tana fadama can wajen Wamakko. Ba wata babba ba ce, amma tun rasuwarsa take kwance, awakin mutane suna sha'aninsu a ciki. Ƙanenta, wato kawuna, ya daɗe yana roƙon a ba shi aro. Mu kuwa mun san aron Kawu, abin da ya shiga hannunsa ya shiga ke nan.

Inna ta ce, "Shekara guda na ba ka. In ka noma ta, ta zauna hannunka. In ko ka bar ta kwance, kawunka shi ɗauka. Ba ni barin gonar ubanku ta koma daji ina raye."

Na bugi ƙirji na ce ta sa ido ta gani. Ni da ko fartanya ban taɓa riƙewa da gaske ba!

A Tudun Wada muna da maƙwabciya, malamar firamare ce 'yar Binuwai, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Malama muke ce mata. Ita ta ba ni shawarar rogo. Ta ce shi ne noman ɗan ofis, ba ya neman ka je masa kullum, ka dai yi masa shinge ka cire masa ciyawa. Ita ta samo mini itacen irin a wajen mutanen cocinsu, ta kuma bi ni har gona ran Asabar da mijinta. Ta nuna mini yadda ake sara shi guntu-guntu, a soka a karkace, idon yana kallon sama. Da muka gama tana wanke hannu sai ta ce, "Maƙwabci, abu ɗaya zan roƙe ka. Idan ya yi, kada ka taɓa shi sai ka gaya mini."

Na ce to. Amma Allah ya yafe mini, a zuciyata cewa na yi, ashe dai Malama ma kasonta take nema tun ba a je ko'ina ba.

Rogo ya yi kyau, kai, ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Na yi masa shingen ƙaya, na yi noma sau biyu da bayana ya kusa tsinkewa, da rani wani maƙwabcin gona ya riƙa sako mini ruwa da injinsa. Wata goma da 'yan kwanaki ƙasa ta fara tsagewa a gindinsa. Na ciri guda ɗaya don in gani, sai ga saiwa kamar damtsen ɗan dambe. A take na ji na zama manomi, har tafiyata ta canza.

To, ku fahimce ni. Ni ɗan gidan gero ne. Abin da na taso na gani shi ne, in amfani ya nuna a girbe shi gaba ɗaya, a ɗaure, a kai rumbu, a rufe, sannan mutum ya yi hamdala. Ban taɓa jin wani abinci da ake bari a gona bayan ya yi ba. Na ɗauki hutu a ofis, na samo 'yan ƙwadago, Litinin da Talata muka tone gonar kakaf, ko gindi ɗaya ban bari ba. Malama ta yi tafiyar biki a makon, na ce shi ke nan, in ta dawo na aika mata nata a buhu, ta ga ni ma ba marowaci ba ne. A-kori-kura ta yi sawu uku. Na jibge rogon a wani shago da ke jikin gidana, na ja ƙofa na sa kwaɗo, cikin zafin nan na Sakkwato. Sannan na aika wa Inna da Kawu cewa su zo ran Asabar su ga aiki.

Ran Alhamis da hantsi matata ta ce, "Wai ba ka jin wani wari daga shagon nan?"

Na ce mata warin arziki ne, ba ta saba ba ne. Ta dube ni ta koma kicin. Da na ga ba ta kallo sai na lallaɓa na buɗe. Wani ɗumi ya buge ni a fuska. Na ɗauki ɗaya na karya, cikinsa ya yi zane-zane baƙi. Na karya wani, haka. Na ƙasan kuwa har sun fara laushi. Jama'a, ban san lokacin da na zauna daɓas a bakin ƙofa ba. Babu abin da nake gani sai fuskar Kawu.

Ina nan zaune sai ga Malama ta sauko daga Keke da jakarta. Ta dubi shagon, ta dube ni, ta ajiye jakar a ƙasa.

"Maƙwabci, duka ka tone?"

Na ce duka.

"Yaushe?"

Na faɗa mata. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta kira sunan Allah da yarensu, sai kuma dariya ta ƙwace mata har da riƙe katanga. Ta ce, "Wayyo! Rogo ba gero ba ne! Shi a cikin ƙasa ake ajiye shi, ka ciri wanda za ka ci ko ka sayar, saura ya jira ka ko wata nawa ne. In ya fito, kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa. Abin da ya sa na ce ka gaya mini ke nan."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce, "Malama, gonar ta tafi ke nan."

Ta ce, "Ba ta tafi ba. Tashi ka nemo wuƙaƙe."

Ko gida ba ta shiga ba. Ta buga waya, kafin la'asar mata huɗu na cocinsu sun iso da manyan robobi, matata ta kirawo ƙannenta da matan layinmu. Aka fito da rogon tsakar gida aka ware, wanda ya mutu gefe, mai sauran rai gefe. Aka hau feraya. Ni ma aka miƙo mini wuƙa da kujerar tsugunno, na zauna cikin mata ina ɓata aiki, suna cewa Oga kana feraye rabin rogon da ɓawon. Washegari muka kai wani kaso wajen mai injin gurza a hanyar Kalambaina, aka zuba a buhuna, aka danne da manyan duwatsu don ruwan ya tsane. Sauran aka jiƙa, daga baya aka baza a rana don alabo. Wannan rana tamu da muke ta ƙorafi a kanta, ranar na sa mata albarka.

Asabar Inna da Kawu suka iso suka tarar da gida kamar kasuwa. Kawu ya tsaya a kan tarin ruɓaɓɓen ya daɗe yana gyaɗa kai, ya ce, "Ai noma sai mai shi." Inna kuwa ta nufi wajen matan. Ta tambayi matata abin da ya faru, aka ba ta labari tun daga kwaɗon. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Wanga yaro, rumbu ka yi ma rogo?" Sai ta nemi wuƙa ta zauna kusa da Malama.

Suyar garin kwakin ita ce ta gwada ni. Kwana biyu ina gaban wuta da faffaɗan kasko, ina juyawa da sakaina, Malama tana tsaye a kaina kamar ɗan aji ɗaya. "Rage wuta. Juya gefen can. Ka ƙona, kwashe!" Ban musa mata ko sau ɗaya ba, da wane bakin? Kusan kashi ɗaya cikin uku na rogon ya tafi bola, sauran ya zama garin kwaki da alabo, kowace mace ta tafi da nata a ƙulle.

Ran da muka kwashe kaskon ƙarshe Kawu ya dawo jin hukunci. Ya same ni da singileti, ido jawur, gari har a gira. Inna tana kan tabarma tana ɗanɗana kwakin a tafin hannu. Ta ce masa, "Ka yi haƙuri, gona ta samu mai ita. Bai iya ba, awo, kowa ya gani. Amma kwana shida ina kallo nai, bai gudu ba, kuma da anka gwada mashi ya bi." Na juya baya ina goge ido, na ce hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Har yau abin da ya fi ci mini rai ba asarar rogon ba ce. Zaton da na yi wa baiwar Allah nan ne, ita tana neman ta tsare mini wahalata, ni ina lissafin buhun da za ta ci. Sai bayan shekara biyu na iya gaya mata, ta ce ai tun ranar ta gane daga yadda na amsa mata "to" ɗin.

Gonar tana hannuna har gobe. Duk sabon shiga da ya zo neman iri wajena, kafin in ba shi sanda ko ɗaya sai na zaunar da shi na ba shi labarin nan, ina kallo yana danne dariya. Nakan ce ya yi abarsa kada ta shaƙe shi, wadda ta haife ni ma ta yi.