Shekarar da Inna Ta Zama Alƙaliyar Jarrabawa

Lokacin da na auri maiɗakina, tana karatun Sifaniyanci a jami'ar da ke Saint-Denis, ni kuma ina aikin kwamfuta a cikin Paris. A Stains muke zaune, a wani ɗan gida na hawa na shida. Tun a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram harshen ya shiga ranta, burinta kuma ta koyar da shi.

Hanyar da tsawo. Ta gama lisansi, wato digirin farko, aka ce yanzu sai da mastar. Ta tafi Sifen ta yi wasu watanni don harshenta ya faɗa, ta dawo tana yi mini magana da hannuwa. Muka jira takardar zama ƴar ƙasa, don ba a shiga jarrabawar ɗaukar malaman gwamnati sai da ita. Jarrabawar, wadda muke kira konkur, kashi biyu ce: ta rubutu, sannan ta baki, inda mutum zai tsaya gaban alƙalai ya gabatar da darasi.

Ta ci ta rubutu, ta faɗi ta baki. Wata malamarsu ta sa ta maimaita darasin a gabanta, sannan ta ce mata ilimi kam akwai, amma tun daga farko har ƙarshe ƙasa take kallo, muryar ma sai an kasa kunne. Wa zai ba ta aji cike da yara?

A shekara ta gaba muka sami ɗiya, mahaifiyar maiɗakina ta zo daga Damagaram don wankan jego. Inna muke kiranta. Zama da suruka a gida mai ɗaki biyu ba sauƙi. In tana falo, ni ina kicin ina shan shayi a tsaye. Wata rana da la'asar tana jin maiɗakina na ba ni labarin abin da malamar ta faɗa, sai ta ajiye carbinta.

"Wato don kin sunkuyar da kai suka kayar da ke?"

"Haka ne, Inna."

Sai ta ce, "Ni na koya miki, har da ranƙwashi. To, ni zan kwance. Ɗauko takardunki." Ta ɗaga murya wajen kicin: "Malam, fito ka zauna. Alƙali ɗaya ba ya shari'a."

Haka na zauna kujera guda da surukata, abin da ban taɓa yi ba, jaririya a cinyata. Maiɗakina ta tsaya jikin talabijin ta fara darasi da Sifaniyanci. Daga ni har Inna ba mai jin ko kalma. Amma da idon maiɗakina ya sauka kan kafet, sai Inna ta buga hannun kujera.

"Dube ni! Kuɗinki ne ya faɗi a ƙasa?"

Ranar farko dariya ta hana aikin, ta biyu kuwa kuka maiɗakina ta yi, ta ce ba za ta iya zuba wa uwarta ido ba. Inna ba ta lallashe ta ba. Ta ce, "Ba rashin kunya ba ne in ni na ce ki yi." A hankali abin ya zauna. Inna ta fara jefa tambayoyi da Hausa, ita kuma ta amsa da Sifaniyanci. Wani lokaci Inna ta juyo ta tambaye ni, "Malam, ka gamsu?" In ce na gamsu, ta ce ita ba ta gamsu ba, a sake.

Bizar Inna ta ƙare kafin jarrabawar, ta koma Damagaram. Da sakamako ya fito muka buga mata waya, maiɗakina ta ce ta ci. Inna ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara, sannan ta tambaya ko alƙalan tsofaffi ne. Aka ce akwai mai furfura. Ta ce, "Allah ya yafe mana, ni da ke."

Saura shekarar gwaji, wadda sai an ga aikin mutum a aji kafin a tabbatar da shi. Aka tura ta wata kwaleji a gefen Lyon. Ta tafi da ɗiyar, ta sauka wajen wata Hajiya ƴar Maraɗi mai sayar da atamfa, wadda ke riƙe yarinyar da rana. Ni kuma duk Juma'a in hau jirgin ƙasa da kilishi a jaka. Nakan same ta muryarta ta dishe, tana gyaran takardun yara, tana ba ni labarin wani mai taurin kai da ya ƙi furta komai sai sunayen ƴan ƙwallo.

Da mai duba malamai ya zo ya ga ajinta, aka tabbatar da ita. Na nemi canjin aiki na bi su Lyon, muka kama gida kusa da na Hajiya, don ɗiyarmu ta ƙi yarda a raba su.