Ranar Da Na Kulle Wa Alhaji Bawa Ƙofar Mota

Har gobe ban manta da ranar da na kulle wa aminin mahaifina ƙofar mota a tsakiyar daji ba. Ku sababbin shiga aikin nan ku buɗe kunne, don wata rana ku ma ɗan unguwarku za a ba ku.

Lokacin ina shofa, wato direba, a wani kamfanin yawon buɗe ido a unguwar Cadjèhoun ta Kwatano. Mukan ɗauki baƙi daga Kwatano a katkat, motar shiga daji, mu kai su gandun namun daji na arewa. Kafin a tashi, ƙa'ida ce a zaunar da baƙo a biro, wato ofis, a koya masa kalmomin aikin. Pistar shi ne ma'aikacin gandu mai bin sawun dabbobi, kuma a daji maganarsa ce ta ƙarshe. Mirado hasumiyar katako ce ta kallo, nan kaɗai ake sauka. Mar kuwa tafki ne da dabbobi ke shan ruwa, daga cikin mota ake kallonsa.

Baƙon rannan Alhaji Bawa ne, dillalin atamfa a Tokpa-Hoho, maƙwabcinmu a Zongo. Ina ta bayani yana ta waya kan kayansa da suka maƙale a tashar jiragen ruwa. Da na nemi in maimaita, sai ya ce shi da ya yi fatauci tun ana hawa kan buhunan albasa, yaron da aka haifa a gabansa ba zai koya masa daji ba. Na haɗiye, na ta da mota.

Washegarin isarmu, da la'asar, muka tsaya a bakin mar. Ruwa kwance luf, ko motsi babu. Ina juyowa na ga Alhaji ya cire agogo yana naɗe hannun riga, wai alwala zai yi. Pistar ya gaya masa da Faransanci akwai dorina da kada a ciki. Na miƙa masa ruwan gora, ya ce almubazzaranci ne ga ruwan Allah a gabansa. In ya sauka, takardar izinina ta tafi ke nan. Wannan ma da sauƙi, tunanina me zan je in gaya wa iyalinsa. Yana kai hannu ƙofa na danna makulli.

"Ɗanjuma, buɗe ƙofar nan."

"Baba, ka yi haƙuri. Mirado na nan gaba kaɗan, lokaci bai fita ba."

"Kai, ɗan Malam Sani, kai ne za ka shiga tsakanina da Ubangijina?"

Wallahi a raina roƙo nake dorinar nan ta fito da ko kunne ne ya gani. Ko alama. Balbela guda ce ke kiwonta a gefen ruwa, kamar an biya ta ta ƙaryata ni. Na ja mota, ya yi sallarsa a mirado cikin lokaci, har muka koma Kwatano yana fushi da ni.

Kafin in wanke mota labari ya zaga Zongo, wai aiki da Nasara ya kai ni har ina hana mutane salla. Mahaifiyata da kuka ta tarbe ni. Liman ya saurare mu ya ce ban yi laifi ba, Alhaji ya ce ai liman bai ga ruwan da idonsa ba.

Abin da na koya shi ne, baƙon nesa yana tsoron daji, don haka yana jin magana. Na gida kuwa ya san ka tun kana yawo ba wando. Kuma a aikin nan in ka yi daidai ba abin da ke faruwa, saboda haka ba ka da shaida, balle godiya.

Har yau in na gaishe shi a ƙofar masallaci sai ya kau da kai. Abin na ci mini rai, ba na ɓoyewa. Amma dai da ƙafafunsa biyu yake zuwa masallacin.