Godiyar da Ta Karya Mini Hannu

Edita, ni 'yar mai sayar da gishirin Keana ce a kasuwar Lafia. Bara, lokacin da abin ya faru, ban daɗe da gama sakandaren mishan ba, kaina yana rawa, don duk zuriyarmu ba macen da ta kai inda na kai. Ƙungiyar mutanen garinmu takan ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya zuwa kwaleji da gudummawar doya da gishiri. Mu biyu muka rage, ni da ɗan wan babana. Dattawa suka zaɓe ni.

A al'adarmu, wanda aka zaɓa yakan bi gida-gida ya durƙusa ya yi godiya, ya fara da babban gida, kuma dole gwaggo ta raka shi, ita ce bakinsa. Tawa ta tafi Keana sarin gishiri, ɗoki kuwa bai bar ni na jira ba. Da hantsi na nufi gidan Baba Babba, wan babana, a unguwar Bukan Sidi ni kaɗai. Ina durƙushe, ban ko gama gaisuwa ba, ɗan nasa ya fito daga bayan rumbu da ƙotar fartanya. Ya kira ni malama 'yar gishiri, ya tambaya ko dariya na zo yi musu. Kafin na buɗe baki ya sauke mini ita a ƙeya. Na kife, jini ya cika mini baki. Ya tambayi hannun da na rubuta jarrabawa da shi, ya taka shi da diddige, ya yi ta duka har na ji ƙashin ya ce ƙas. Uwarsa tana daka a tsakar gida, ba ta ajiye taɓarya ba. Baba Babba dai cewa ya yi ya isa haka.

Ina kwance gidan mai ɗori dattawa suka zauna. Suka ce zuwa ba gwaggo tsokana ce, kuma maganar gida ba ta zuwa gaban alƙali. Jirgin ƙasan da zan shiga zuwa kwaleji ya wuce ina jin kukansa. Don kada gudummawar jama'a ta tashi a banza, suka tura ɗan Baba Babba a madadina. Yau da hagu nake rubutu, kuma ko manomi na hanga da fartanya sai in sake hanya.

Daga baya wata malamarmu ta gaya mini En'e, hukumar gargajiya, ita ma tana biya wa 'yan mata karatu, mishan ma haka. Ban taɓa tambaya ba, na ɗauka ƙofa ɗaya ce. 'Yan'uwana mata, ku nemi taimako wuri fiye da ɗaya. In kuma naku ne suka zaɓe ki, kada ki taka gidan kowa ke kaɗai, kuma kafin ki yi murna, ki tambaya wa aka bari.