Yaya Abduljalil a Gindin Kaɗanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi 9 ga Yuni 2024, saura mako guda Sallar Layya, Allah ya karɓi ran Alhaji Abduljalil na unguwar Guéma da ke Parakou, a kan hanyar Parakou zuwa Djougou, yana da shekara hamsin da takwas. Ni Moutari, maƙwabcin rumfarsa a kasuwar Arzèkè, ni ne abokin tafiyarsa a ranar.

Yaya Abduljalil, kai ka ɗora ni a keke bayan furfura ta fito mini. Da likita ya ce jinina ya hau, sai na zauna a rumfa kamar wanda aka yanke wa hukunci. Ka bar turamen atamfarka ka zo ka ce in daina zaman makokin kaina, in same ka ƙofar gida ranar Lahadi bayan asuba. Tsohon kekenka ka ba ni, da hular kwano da ta yi mini yawa. 'Yan kasuwa suka yi ta dariya, wai dattawa masu babur a gida sun koma taka feda. Ko a jikinka.

Ni matsoraci ne, ka kuma sani. Duk lokacin da kamiyon auduga, babbar motar nan, ya taho ta bayanmu, iskarsa ta kaɗa ni, sai in taka birki. Ba ka taɓa yi mini gori ba. Sai ka koma ta ɓangaren kwalta, ka bar mini gefen ciyawa. Shekara huɗu muna haka, tsakanin gonakin doya da na kaju. Ba ka wuce manomin da tayar kekensa ta sace. Ko muna cikin gudu sai ka sauka ka yi masa faci. Sau biyu muka kai har Djougou wurin danginka, kana ba ni labarin kakanninka da suka bi ƙasar nan a ƙafa da kayan goro.

Ranar nan mun yi nisa da gari, hantsi ya dubi ludayi, sai na ga ka rage gudu a gangare, inda ba ka saba ba. Ka sauka, ka jingina keke, ka zauna a gindin wata kaɗanya, gumi mai sanyi yana zubo maka. Ka ce ƙirjinka ya yi nauyi. Na ciro waya, babu rezo, kira ba ya shiga. Na ce bari in ruga ƙauyen gaba in nemo mota, sai ka riƙe mini wuyan hannu.

"Moutari, kada ka bar ni a nan ni kaɗai."

Ban taɓa jin tsoro a muryarka ba sai ranar, kuma shi ya sa na fasa tafiya. Ina zuwa bakin kwalta ina ɗaga hannu, ina dawowa in duba numfashinka. Motoci uku suka wuce. Wasu mata masu tsintar ƙwarar kaɗanya suka ajiye kwandunansu, ɗaya ta ba ka ruwa, ɗaya ta fita tsakiyar hanya ta tare wata motar doya da ɗankwalinta. Muka kwantar da kai a baya, kanka a cinyata. Ina maimaita kalmar shahada kana bi a hankali, har na ji ni kaɗai nake faɗa. Ba mu ko hango Parakou ba.

Har yau ina tambayar kaina, da na tafi ƙauyen nan, da me zai faru? Na san ajali ba ya jinkiri, amma zuciya ba ta bar ni ba. In ƙirjina ya ɗan motsa, sai in zauna ina sauraronsa. Likita ya ce kada in daina fita. Jiya na gwada, na kai ƙarshen unguwa, na ji ƙarar mota a bayana, na sauka na turo keken gida.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Abduljalil, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka amintar da shi ranar firgici mafi girma. Uwargidansa Hajiya Kadidjatou, 'ya'yansa Bashira da Adnan, da dangi na Djougou, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ina shaida muku bai cika shi kaɗai ba, kuma da shahada a bakinsa ya tafi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.