Baba Tijjani da Injin Tagulla

A wani lungu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira akwai ɗan shagon da ɗaliban Najeriya suke kai agogo da rediyo gyara. Mai shi, Baba Tijjani, Bahaushen Sudan ne, jikan mahajjatan da suka yada zango a bakin Nilu ba su koma gida ba.

A 2013, lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, Harun, ɗan Katsina mai karatu a Azhar, ya kawo masa tsohuwar kalkuletar mahaifinsa. Tsohon ya jujjuya ta, ya yi dariya.

"Zauna, ɗana. Irin wannan ce ta kai ni kurkuku."

Lokacin da Tijjani yake saurayi, yana gyaran agogo a Omdurman, wani alhaji ya dawo daga Jidda da irinta, ƴar Japan mai jajayen lambobi. Tijjani ya buɗe cikinta, bai ga abin da ke motsi ba, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya ɗauki aniyar ƙera tasa da haƙoran agogo da tagulla, wadda za a murza da hannu, girmanta kamar gwangwanin tumatir.

Zamanin soja ne. Wani maƙwabci ya ji ƙas-ƙas ta katanga, ya kai tsegumi cewa bam ake haɗawa. Aka kwashe shi har da kayan aikinsa. Hafsan da ya tuhume shi ya murza abin, ya ga biyu da uku sun ba da biyar, sai idonsa ya buɗe.

"Ƙarasa mini shi, ka tafi gida."

A ɗakin da aka tsare shi ya ƙarasa, da magagari ɗaya da hasken taga. Injin yana tarawa, yana ɗebewa, amma in aka zo ninkawa sai ya cije. Hafsan bai damu ba. Ya kai wa maigidansa injin kyauta, Tijjani ya fito daga shi sai rigar jikinsa. Daga baya ya yi aure, ya kwaso iyali zuwa Alƙahira.

"Baba, ba ka ji ciwo ba?" in ji Harun.

"Na ji mana. Amma ma'alish, ba komai, ai na gan shi yana aiki. Da hannuna na murza."

Ya goge tsatsar wurin batir ɗin kalkuletar Harun, ya liƙe waya ɗaya, lambobin suka kama.

Shekara biyu bayan haka idonsa ya yi rauni. Ƴarsa Mahasin, wadda ta tashi a gindin teburin, ta karɓi aikin, ta ƙara da gyaran wayoyi. Shi kuwa ya koma kujera a bakin ƙofa, da shayinsa mai na'ana'a. Ran Juma'a ɗalibai sukan cika lungun, Mahasin ta fito da faranti na ful, dafaffen waken Masar, a yi ta musu kan Hausar wa ta fi daɗi har la'asar.