Surukina da mota mai kujera biyu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ja mini kwana har na zauna ina tuna wata mota ina dariya ni kaɗai.

A zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasar nan, ina awon gyaɗa a wani kantin Nasara a Maraɗi. Akwai wani Banasare a wurin, dogo, mai son gudu, yana da wata 'yar mota ja marar rufi, mai dogon hanci da kujera biyu kacal. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. Don gudu kaɗai aka yi ta, kuma ta yi gudun nata ta gama a hannun waɗansu tun kafin shi. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya cika ya sake farawa, daga baya ma ya gaji ya tsaya. Da lokacin komawarsa gida ya yi, 'yan uwansa suka ƙi ta, manyan 'yan kasuwarmu kuwa kamyo suke nema, wato manyan motocin kaya. Ni ne dai kullum bayan la'asar nake zagaya ta ina shafawa. Na sayar da goɗiyata, na haɗa da abin da na samu a kakar gyaɗa, ya miƙo mini mabuɗi.

Ina da taubashi a Sabon Gari, maƙeri ne da ya koma gyaran kamyo. Shi na fara kai wa ita. Ya buɗe hancin, ya leƙa ciki.

"Yaya ka gan ta?" na tambaye shi.

"Ka sayar da mai cin ciyawa, ka sayo mai cin mutum. Bawana, wa ya yi maka wannan asiri?"

"Kai dai gyara, talaka. Ba a haifi danginku da irin wannan ba."

"To ai ita ma ba a haife ta jiya ba. Ta girmi kakarmu."

Tun daga ran nan sunanta ya zama Tsohuwa.

Riƙonta sai mai haƙuri. Abin da ya lalace ba a sayen sabo, don babu shi, in ma akwai ba ni da halinsa. Igiyar fanka ta tsinke, baduku ya tufka mana ta fata. Tankin isansi, wato fetur, ya fara ɗiga, muka liƙe da sabulu, kowane mako a sabunta. Buji kuwa, wanda mutanen Katsina ke ce wa fulogi, in ya yi baƙi sai in kankare shi da yashi in mayar. Batir ɗinta ya mutu tun watan farko, saboda haka ba na aje ta sai a gangare, hancinta na kallon fadama. Da safe in cire dutsen da na tokare taya da shi in tura, in yi tsalle in faɗa ciki. Inda babu gangare sai manibel, ƙarfen nan da ake sokawa a gaba a murɗa, amma shi sai da mutum a ciki yana ba ta wuta da ƙafa. Na rubuta Bisimilla a allon gabanta, kuma ban taɓa tada ta ban karanta ba.

To amma in ta tashi! Ranar Juma'a nakan tafi Tsibiri gaida mahaifiyata. In na fita gari na ba ta wuta, iska ta cika mini riga, itatuwan gawo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai in manta da sabulu da igiyar fata. Mahaifiyata ta fito ta dube ta sau ɗaya, ta tambayi inda ake aza damin hatsi. Na ce babu. Ta ce Allah ya shirye ni, ta koma cikin gida. Har ta bar duniya ba ta shige ta ba.

Wanda ya shige ta, ba da son ransa ba, surukina ne.

Mutumin Jiratawa ne, mai lambun albasa da taba a bakin Gulbi. Matata ɗiyarsa ce ta fari, saboda haka kunyar da ke tsakaninmu ta ninka ta kowa. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In na hango shi, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. In akwai magana, ƙanensa ke ɗauka daga bakina ya kai masa, ko da muna zaure ɗaya.

Ciwon ido ya daɗe yana damunsa. Gashin idon ya juya ciki yana gogar ƙwayar, kullum da hantsaki a aljihu yana tsigewa, su sake tsirowa. Na hagu ya riga ya yi fari. Na dama shi ma ya fara dushewa, har dashen albasa ya gagare shi. Ana nan a wata bazara sai wani malamin gidan likita ya gaya mini cewa likitan ido mai yawo ƙasa-ƙasa ya sauka a Maraɗi, yana yi wa irin wannan ciwo aiki, kuma gobe bayan azahar zai wuce Tasawa. Wanda bai same shi ba sai wata shekara, idon tsoho kuwa ba zai jira wata shekara ba.

Da na gaya wa matata sai ta ce, "Da me za ka kawo shi?"

"Da mota mana."

"Wa zai zauna tsakaninku?"

Sai a lokacin na tuna. Kujeru biyu ne, manne da juna, ba wurin ƙanensa, ba wurin kowa. Ni da surukina kafaɗa da kafaɗa, kai daidai da kai. Jaki kuwa ba zai iso da shi da wuri ba, ga rana, ga idon ba ya son haske.

Da safe na isa Jiratawa na tsaya a kan tudun bayan masallaci. Ƙanensa ya shiga ya fito har sau nawa. Tsoho ya ce shi ba zai hau ba. Makanta daga Allah take, amma ya zauna gefen mijin ɗiyarsa a bi da su ta kasuwa, wannan daga shi ne. Rana tana ta hawa. Can dabara ta zo mini, na ɗauka kuwa babbar dabara ce. Na ciro katifar kujerata na aza bisa tasa. Na ce wa ƙanen ya gaya masa ba daidai za mu zauna ba, shi yana sama, ni ina ƙasa. Ban ce ta yaya ba. Aka kai masa, sai ya nemi sandarsa.

Aka hau da shi, an yane masa fuska da rawani saboda haske. Ya zauna can bisa kamar mai tsaron gona a kan rumfa. Ni kuma na tuɓe takalmi, don ba zan sa takalmi a gabansa ba, na nutse a kan katako. Idona bai wuce allon gaba ba sai kaɗan. Hanya nake hange ta tsakanin sitiyari, ƙarafan ƙasa kuma suna ƙona mini tafin ƙafa. Ƙanen ya tura mu, muka gangara, ta kama.

Muka kama hanyar Maraɗi. Sai da muka yi nisa na ji ya ɗan bubbuga ƙofar motar da sanda, ya ce, "Ke, an ce sunanki Tsohuwa. Gaya wa mai ke ba biki za mu ba."

Na rage gudu. Na ce wa allon gaba, "Tsohuwa, ki ce wa Baba an ji."

Akwai wata ƙorama da ke ratsa hanya ta faɗa Gulbi, a bazara yashi ne zalla. Na san ta sarai, na san gefen da kamyo ke bi inda ƙasa ta daddale. Amma daga inda nake zaune sama kawai nake gani da kan itatuwa. Na kuskure sawun da taki kaɗan. Tayoyin baya suka nutse, ta yi tari, ta mutu.

Na fita na tona yashin da hannu, na karyo rassan sabara na cusa ƙarƙashin tayoyi. Wannan mai sauƙi ne. Tadawar ce matsala. Ba gangare, ba mai wucewa, kowa ya shige inuwa. Sai manibel, sai kuma wanda zai taka mata wuta, mutum ɗaya ne kuwa a wurin ban da ni. Na tsaya a gabanta riƙe da ƙarfen, inuwata ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafata. Yaya zan sa surukina aiki?

Na durƙusa wajen fitilarta na ce, "Tsohuwa, da za ki sami wani bawan Allah ya koma ɗaya kujerar, ya taka ƙarfen da ke dama a hankali sa'ad da nake murɗawa, da kin tashi."

Can sai na ji motsi. Yana lalube da hannu, ya ɗaga ƙafa ya ƙetare, ya saki jiki zai zauna inda yake tsammanin katifa. Sai ji na yi tim a kan katako. Rawaninsa kaɗai nake gani. Ya shafa katakon, ya miƙa hannu ya shafa inda ya taso, ya ƙirga katifu biyu da yatsa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan, yana yi yana share hawayen da ciwo ke zubo masa da wanda dariya ta ƙara.

"Na dama ta ce?" ya tambayi sitiyari.

"Na dama, a hankali."

Na yi Bisimilla na murɗa. Mutumin da ya saba taka kwarin lambu bai san a hankali ba. Ta tashi da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, kurciyoyi suka watse daga kan gawo. Ya ƙi ɗaga ƙafa, sai da na roƙi Tsohuwa ta roƙe shi. Da ta daidaita ya koma wurinsa, amma kafin ya zauna ya zare katifa ɗaya ya jefa a kan katakon.

"Gaya wa mai ke ya karɓi kayansa," ya ce. "Makaho ɗaya ya isa a cikin mota."

Haka muka fita daga yashin, kafaɗarsa tana gogar tawa. Da muka hau ƙasa mai ƙarfi ya sake bubbuga ƙofa. "An ce ke mai gudu ce. Ni ban ga alama ba." Na ba ta wuta yadda ban taɓa ba ta ba, igiyar fata tana kuka, ni kuma ina salati a zuci kada ta tsinke. Muka ratsa gefen kasuwa, ya ja rawani ya rufe fuska gaba ɗaya, masu ganinmu suka gan mu.

Mun tarar ana ɗaure akwatunan likita a bayan kamyo. Malamin nan da ya ba ni labari ya hango mu ya shiga da gudu. Likitan ya fito yana tsane hannu, ya ɗaga rawanin, ya buɗe idon dama da babban yatsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce a sauke akwati ɗaya.

Na yi azahar a ƙarƙashin itacen bedi na gidan likita, na yi la'asar a nan. Na hagu ba abin da aka iya yi masa. Na dama aka gyara fatar, aka naɗe da ƙyalle, aka ce kada a buɗe sai bayan kwanaki. A gidana ya yi jinya, a ɗakin zaure, ni kuma na koma shiga gidana ta ƙofar baya. Ranar da aka kwance ƙyallen ina waje, matata ce ta fito ta gaya mini. Ta ce ya dubi tafin hannunsa ya daɗe, ya ce alhamdu lillahi, sa'an nan ya dubi tabarmar da yake zaune a kai ya ce wanda ya saƙa ta bai iya ba.

Da damina ta wuce, da hannunsa ya dasa albasarsa, layi-layi, ba wanda ya riƙe masa igiya.